Sawun Guduma

Shagon Kawu yana da doka guda ɗaya, kuma ba a taɓa rubuta ta a bango ba, don ba wanda yake bukatar a tuna masa: babu azurfar da za ta fita ƙofar nan sai ta bi ta kan injin goge. Zobe ne, sarƙa ce, ko ɗan kunnen da wata ta kawo a liƙe mata, Kawu ne zai zauna gaban injin da kansa, ya ɗaure hanci da tsohon ƙyalle, ya danna abin a jikin faifan auduga mai juyawa har sai ya leƙa ya ga haƙoransa a ciki. In bai ga haƙoransa ba, aiki bai ƙare ba. Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi, kuma duk layin maƙeran fari ana gane kayan shagonsa tun daga nesa, suna ɗaukar ido kamar an watsa musu ruwa.

A bayan wannan shago Bahaguwa ta girma. Da mahaifinta ya rasu, Kawu, yayan Ummanta, ya kwaso su ya ba su ɗakuna biyu da ke manne da bangon shagon, inda ƙarar guduma ke tashinsu kowace safiya. Tana ƙarama ya yi ta fama ya mayar mata da guduma zuwa hannun dama, ya gaji ya bari, sunan kuma ya bi ta har kwaleji. Shi ne ya kai ta sashen ƙirar azurfa na kwalejin fasaha, yana faɗa wa duk mai sayen da ya shigo cewa 'yarsa na can tana koyon na zamani, za ta dawo ta riƙe masa shago. Bai taɓa tambayarta abin da ake koya mata ba. A wurinsa azurfa ɗaya ce ko'ina: ka narka, ka buga, ka goge.

Akwai kuma wata gasa da ƙungiyar maƙera ke shiryawa, ta ɗaliban shekarar ƙarshe ce kaɗai, ba a shiga sau biyu. Wanda ya ci za a ba shi teburin aikinsa a gidan sana'a na ƙungiyar, da kayan aiki, da azurfar farawa, da hatimi mai alamarsa shi kaɗai, wanda zai riƙa bugawa a gindin duk abin da ya ƙera. Sharaɗi ɗaya ne ake nanatawa: daga narki har gamawa, kada hannun wani ya taɓa aikin. Ɗalibin da aka kama an taya shi za a cire shi, maƙerin da ya taya kuma a kira sunan shagonsa a gaban taro. Wanda bai ci ba sai ya koma inda ya fito. Bahaguwa ta san inda za ta koma, teburin lungu ne, kusa da Baba Dogo, ta riƙa buga zobba iri ɗaya da hatimin Kawu a cikinsu.

Baba Dogo shi ne mai haɗi da wuta a shagon, a kan kujerar nan furfura ta cinye masa gemu. An ce yana saurayi shi ma yana zana nasa, har ya taɓa ƙera wata sarƙa da Kawu ya duba ya ce ba za ta sayu ba, aka mayar da ita kasko. Tun daga nan ba abin da yake ƙirƙira sai barkwanci.

"'Yar kwaleji," in ji shi in ta shigo, "yau me aka koya muku? Riƙe guduma da littafi?"

"Jiran gas aka koya mana, Baba Dogo. Na kusa ƙwarewa."

Ba wasa take yi ba. Tukunyar gas ta ɗakin aikin kwalejin ta ƙare tun farkon zango, injin murza azurfa ya kama tsatsa har ya ƙi juyawa. Shugaban sashen, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Za-a-duba, yana karɓar kowane ƙorafi da murmushi da kalmar da ta zama sunansa. Sashe guda na koyar da ƙira, ba wuta, kuma ba wanda abin ya hana barci. Malamai sun saba, ɗalibai sun saba, har sabon ɗalibi in ya buɗe baki sai na gaba da shi su yi masa dariya. Don haka duk mai son shiga gasar sai da ya nemi wutar da zai raɓa. Ita ta raɓi ta Kawu.

Kofi ta ƙudura za ta ƙera, kuma Umma ce ta ba ta dalilin. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe wa Umma yatsu, kofin gilashi in ya jiƙe sai ya zame mata, har ta koma shan ruwa da hannu biyu kamar yarinya. Bahaguwa ta so kofin da zai riƙe hannu kamar yadda hannu ke riƙe shi. Da ta faɗa mata, Umma ta tashi ta ɗauko awarwaronta da suka daina shiga hannunta, ta ajiye mata a cinya.

Ta narka su, ta murza, ta yanka faifai, ta fara ɗaga shi a kan ƙarfen bugu, zagaye bayan zagaye. In azurfar ta yi tauri ta ƙi jin guduma, sai ta kai ta wuta ta yi ja, ta tsoma a ruwa, ta dawo. Makonni ta yi a haka, kafaɗarta ta hagu har ta daina bari ta kwanta a kanta. Da kofin ya tashi ya ɗauki siffa, sai ta ƙi yin abin da kowa ke yi. Ta bar sawun gudumar a jikinsa, ta ƙara zurfafa shi inda yatsu za su zauna, ɗan rami kusa da ɗan rami, duk sun karkata gefe ɗaya don da hagu aka buga su. Sannan ta baƙanta ramukan, ta bar tudun fari, sai kofin ya zama kamar ruwan kogi da iska ta taɓa. Umma ta jiƙa hannu ta ɗaga shi da hannu ɗaya, bai motsa ba.

Ta yi wa Kawu bayani, ba sau ɗaya ba. Ta ce masa haka zai tafi, sawun nan shi ne aikin. Kawu yana auna wata sarƙa a sikeli, kunnensa ɗaya na kan rediyo, ya ce, "To, to, madalla. Allah ya ba da sa'a." Ta ɗauka ya ji.

Ana gobe za a rufe karɓar kaya, ta naɗe kofin a farin ƙyalle ta sa a akwatin ƙarfen shagon, inda azurfar kowa ke zama, ta tafi wurin kafinta karɓo ɗan akwatin katakon da za ta kai shi a ciki. Kafintan bai gama ba, kamar yadda aka saba. Ya ce ta zauna, yanzun nan. Ta zauna tun hantsi har rana ta karkata.

Tun daga bakin layi ta jiyo kukan injin. Ba ta kawo komai a ranta ba, injin nan kullum kuka yake. Sai da ta shiga ta ga Baba Dogo bai ce mata 'yar kwaleji ba, ya duƙufa kan wani zobe kamar yau ya fara ganin zobe. Farin ƙyallenta na kan tebur, a buɗe.

Kawu ya kashe injin, ya janye ƙyallen hancinsa. Fuskarsa duk baƙin goge, idanunsa na dariya. Ya ɗago kofin.

"Zo ki ga. Zo ki ga haƙoranki."

Kofin yana walƙiya kamar madubi. Sumul, tun daga baki har gindi. Ta ga fuskarta a jikinsa, a miƙe, a murɗe, da ɗan akwatin katako a hannunta.

"Na buɗe zan ɗauki waya, sai na gan shi," in ji Kawu. "Na ce yarinyar nan lokaci ya ƙure mata, gobe za ta kai abu duk lotse-lotse gaban manyan sana'a. Ramukan nan sun ba ni wuya, wallahi. Inji kaɗai bai iya ba, sai da na bi su da magagari, na bi da takardar yashi. Ko abinci ban ci ba."

"Kawu." Muryarta ta fito siririya. "Na ce maka haka zai tafi."

"Haka yaya?"

"Da sawun. Da gangan na bar shi. Na faɗa maka."

Ya dube ta, ya dubi kofin, sai ya yi dariya irin ta babba da yaro ya faɗa masa mafarkinsa. "Da gangan. To ai shi ya sa ake da manya. Ke kina ganin zan bari a ce daga shagona abu ya fita kamar mota ta taka shi? Maƙeran layin nan duk za su je. Me za su ce, na tsufa ko na makance?"

"An hana wani ya taɓa aikin."

"Wa ya taɓa? Ni na buga miki? Ke kika ƙera kayanki. Goge ai wanka ne. In kin haifi ɗa wata ta yi masa wanka, ya zama nata?"

Ta karɓi kofin. Ya yi sauƙi a hannu, sauƙin da ya faɗa mata komai kafin ta duba. Ta matsa jikinsa da ɗan yatsa, ya ɗan ba da kai. Magagari ya cinye naman azurfar har ya kai gindin ramukan, bangon ya koma kamar ɓawon albasa. Guduma ɗaya za ta yaga shi. Ba azurfar sake wani, ba makonnin sake shi.

Ta juya ga Baba Dogo. "Kana zaune."

"Ina zaune."

"Ka san da gangan ne. Kai ka riƙe mini wuta ranar da na baƙanta shi, har ka ce ya yi kama da bayan kada."

Bai ɗago ba. "Ni wa, 'yar nan? Maigida da injinsa."

Maganar ke nan da ta fi magagarin yi mata ciwo. Mutum ya ga ana kankare aikin makonni a gabansa, kalma ɗaya za ta tsayar da abin, amma ya auna ta ya ga ta fi ƙarfin bakinsa. Kuma ba mugu ba ne. Duk shagon ba mugu ko ɗaya, shi ya sa ba ta san inda za ta kai fushinta ba.

Ta kai kofin ɗaki wurin Umma. Umma ta saurara har ƙarshe, ta karɓi kofin ta jujjuya, ya kusa zame mata ta tare da ɗaya hannun.

"Ya yi kyau kuwa," ta ce a hankali.

"Umma."

"Na sani. Amma ki sassauta murya, bango ɗaya ne tsakaninmu. Yaya bai yi don ya cuce ki ba. Mutumin da ya wuni bai ci abinci ba saboda ke."

"Da ya ci abincin ya fi mini."

"Kul. Kada in sake ji. Wa ya riƙe mu? Wa ya kai ki kwalejin da har kike ganin kin fi shi sani? Gobe ki gaishe shi, ki yi masa godiya."

"Godiyar me?"

"Ta niyya."

Da safe ta gaishe shi. Godiyar ce ta ƙi fita. Ta wuce kwaleji wurin Malam Za-a-duba, ko zai roƙa mata ƙungiya su ƙara mata lokaci, ta nemi azurfa ta sake. Ba ta faɗa masa wanda ya goge ba, ta ce kofin ya samu matsala. Malam ya buɗe akwatin, ya ɗaga gira.

"Matsala? Wannan ai ya fi na kowa kyau. Ku yaran nan ba kwa gode wa Allah. Ki kai abinki."

"Malam, ba shi na zana ba. Kai ka sa hannu a zanen."

"Na sa, na sa." A fuskarsa ta gane bai tuna zanen ba. "Maganar ƙarin lokaci kuma, za a duba."

Ta kai kofin kafin a rufe.

Ranar yanke hukunci aka jera tebura a babban zauren ƙungiya, kowanne da farin ƙyalle, kowane ɗalibi a tsaye bayan aikinsa. An ja igiya, iyaye da maƙera na bayanta. Kawu ya sha kayansa na fita, ya rufe shago, abin da ba ya yi sai rasuwa. Ya samu wuri daf da teburinta, Umma a gefensa, maƙeran layinsu kewaye da shi, yana nuna musu kofin da haɓa.

Shugabar alƙalan tsohuwar maƙeriya ce, gajeriya, yatsunta duk tabon wuta, da ɗan gilashin duba aiki rataye a wuyanta. Ɗalibai sun san labarinta. Ba ta yabo, amma kusan kowace shekara takan ɗauki ɗaya daga waɗanda ba su ci ba ta kai shagonta, in ta ga hannunsa na da abin faɗa. Bahaguwa ta riga ta cire rai da teburin. Wannan ƙaramar ƙofar ce ta rage mata.

Tsohuwar ta iso, ta kalli kofin sau ɗaya, irin kallon da ake yi wa abin da aka gani a tagar kowane shago. Har ta ɗaga ƙafa za ta wuce, sai ta miƙa hannu ta ɗauke shi, don dai a ce ta taɓa. Babban yatsanta ya shiga ciki. Ta tsaya.

Faifan injin Kawu ba ya shiga cikin kofi. Can ciki sawun gudumar na nan yadda ta bar shi, layi bayan layi, duk a karkace. Tsohuwar ta juya kofin wajen hasken taga, ta sa gilashinta, ta daɗe tana bi.

"Bugun nan na ciki naki ne?"

"Nawa ne."

"Da hagu kike bugu."

"E."

"Wajen ma haka yake a da?"

"Haka yake. Ya fi zurfi, inda yatsu za su zauna. Don mai raunin hannu na yi shi."

Tsohuwar ta sauke gilashin. Ta matsa bangon kofin, ta ji yadda ya ba da kai, bakinta ya tsuke.

"Wa ya goge?"

Ba da ƙarfi ta yi tambayar ba, amma ta kai bayan igiya. Bahaguwa ta ga Kawu ta gefen ido. Ya gyara tsayuwa, ya taɓa ƙirji, murmushi ya cika masa fuska. Ya ɗauka yabo ne ke tafe. Bakinsa ya fara buɗewa, zai ce shi ne, da alfahari, a gaban duk maƙeran da ya yi shekaru yana zama da su. Daga nan sai a kira sunan shagonsa a lasifika, Umma na tsaye, kuma a ɗakunan bayan shagon nan za su kwana.

"Ni ce," ta ce da sauri.

Kawu ya rufe baki.

"Ke," in ji tsohuwar. "Da magagari."

"E."

"Me ya sa?"

Ba ta tanadi amsa ba, sai ta ari ta Kawu. "Na ga kamar mutane sun fi son mai sheƙi."

Tsohuwar ta dube ta tsawon lokaci. Da tsawa ta yi mata da ya fi sauƙi. Ta ajiye kofin a hankali, daidai inda ta ɗauke shi.

"Duk zauren nan ban ga bugu irin na cikin kofin nan ba," ta ce. "Kin yi shi, sannan kika tsorata kika kankare. Hannu kina da shi. Amma in na ba ki tebur, mai saye na farko da ya yamutsa fuska zai mayar da ke kan inji. Hannu ana koyar da shi, 'yata. Tsayawa a bayan aiki ban san yadda ake koyarwa ba."

Ta wuce tebur na gaba.

Wani ɗan ajinsu ne ya ci, da cokulan da ya ƙera masu lanƙwasa kamar ganye. Aikinsa mai kyau ne, Bahaguwa ba ta da abin cewa, ta tafa tare da kowa. Da aka watse ta ga tsohuwar tsaye a bakin ƙofa tana magana da wata ɗaliba da ta ƙera maɗaurin gashi, tana kwatanta mata hanyar shagonta. Da Bahaguwa ta zo wucewa tsohuwar ta matsa ta ba ta hanya, ba ta ɗago ba.

A motar haya Kawu ne ya yi ta magana. Alƙalan nan ba su san aiki ba. Cokali, don Allah, cokali. An riga an shirya wanda za a ba, kowa ya sani. Ya juyo daga kujerar gaba ya ce, "Na ji kin ce ke kika goge. Ban ce komai ba, na bar miki yabon. Ai naki nawa ne."

"Ba rabonki ba ne," in ji Umma, tana shafa mata gwiwa. "Ki yi haƙuri. Abin da ba rabonka ba, ko yana hannunka sai ya fita."

Bahaguwa ta kalli titi. Rabo. Kalmar da ake rufe kowane rami da ita a gidan nan, da kwalejin, da layin maƙera gaba ɗaya. Rabo bai ɗauki magagari ba. Rabo bai zauna a kujera yana kallo ya ce ni wa ba, bai bar tukunyar gas a bushe zango guda ba. Mutane ne suka yi, masu sunaye, masu ƙaunarta, kuma ba ɗayansu da zai taɓa sanin ya yi wani abu. Umma ta sani. Amma ita ma ta zaɓi kalmar da ba ta da ƙaya.

Kawu ya sa kofin a tagar shago, a kan jan ƙyalle, a tsakiya. Ba a yi mako ba ya shigo lungu yana murza hannu.

"Kin gani? Kasuwa ta san kaya. Wani mai otal ya gan shi, yana so, kuma yana son a yi masa irinsa da yawa. Ke za ki buga, ni in goge. Abu ɗaya ya ce a gyara." Ya ajiye kofin a teburinta, da ɗan sandan goge mai auduga a kai. "Cikin. Ya ce da kaushi. Hannunki ya fi nawa shiga, ki bi shi ki share."

Ta dubi sandan. Baba Dogo ya rage wutarsa don ya ji.

"A'a, Kawu."

Tun da take ba ta taɓa faɗa masa kalmar nan ba. Shi ma bai gane ta da farko ba.

"Me kika ce?"

"Na otal zan buga, yadda kake so, sumul ciki da waje. Wannan ba na sayarwa ba ne. Awarwaron Umma ne."

Kawu ya tsaya yana kallonta, ransa a ɓace, da mamakin mutumin da ya yi alheri aka watsa masa ƙasa a ido. "Kwaleji," ya ce a ƙarshe, kamar sunan wata cuta. Ya ɗauki sandansa ya koma gaban shago. Jim kaɗan injin ya tashi.

Ta buɗe aljihun teburin ta sa kofin can ƙarshe, bayan tsofaffin magagarai. Kafin ta rufe ta zura yatsa ciki sau ɗaya. Umma ba za ta iya shan ruwa da shi ba, kuma ba alƙalin da zai sake ganinsa.

Baba Dogo ya turo mata farantin zobba da ba a buga ba, da hatimin Kawu a kai.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ko a'ar ban ce ba." Ya ƙara wutarsa. "Kada ki damu, 'yar kwaleji. Zafin na farko ne kawai. Kwana biyu za ki saba."

Ta ɗauki zobe na farko, ta ɗora hatimin a cikinsa, ta ɗaga gudumar da hannun hagu.

"Abin da nake tsoro ke nan, Baba Dogo," ta ce, sannan ta buga.